Daga Tasha Zuwa Soket: Me Ke Sa Wuta Ta Ɗauke?

Ta yaya ƙasa mai ɗaruruwan tashoshin wuta za ta wayi gari lafiya lau, rana tsaka kuma wuta ta ɗauke mata gaba ɗaya cikin sakanni kaɗan? Tambayar da aka yi ta jujjuyawa ke nan bayan ranar 28 ga Afrilu, 2025, lokacin da Sifen da Fotugal suka rasa wuta da misalin ƙarfe 12:33 na rana. Jiragen ƙasa suka tsaya cak a tsakiyar hanya, danjojin titi suka mutu, mutane suka maƙale a cikin lif, kiran waya ya daina shiga. Wasu suka ce harin masu kutse ne ta intanet, wasu suka ɗora wa sola laifi, wasu kuma suka ce ai wutar ce ta ƙare.

Wannan magana ta ƙarshe ta fi tsaya mini a rai, domin a cikinta kuskuren fahimtar yake. Da yawanmu mun ɗauka akwai wani wuri da ake tara wuta, ana ɗiba ana aiko mana, in ta yi ƙasa a rage, in ta ƙare a ɗauke. Ba haka abin yake ba. Wutar da ke haska fitilarka yanzu, a wannan sakan ɗin aka samar da ita. Kuma sau da yawa idan ta ɗauke, wata na'ura ce ta yanke ta da gangan don kada wani abu ya ƙone, a gida ne ko a babban layin ƙasa.

Wuta zagaye take yi

A cikin kowace wayar tagulla akwai wasu ƙananan ƙwayoyi da ake kira ilektiron, masu yawan da ba ya ƙirguwa, kuma suna nan ko an kunna ko ba a kunna ba. Tashar wuta ba ƙera su take yi ba. Tura su kawai take yi.

A ɗauki doguwar igiya da aka ƙulle bakinta biyu ta zama zobe, mutane sun yi da'ira sun riƙe ta sako-sako. Idan ɗayansu ya ja, duk igiyar za ta motsa lokaci guda, wanda ke can nesa ya ji tana gogar tafin hannunsa nan take, har hannun ya ɗau zafi. Mai ja shi ne janareta ko batir. Wanda igiyar ke gogar hannunsa shi ne ƙwan fitila ko dutsen guga. In aka yanke igiyar a ko'ina, ja ya tashi a banza, komai ya tsaya. Aikin makunni ke nan, yanke zoben da sake haɗa shi. Shi ya sa kowane fulogi yake da ƙafa biyu aƙalla, kuma shi ya sa tsuntsu ke zama a kan wayar falwaya ba abin da ya same shi: ƙafafunsa biyu a kan waya ɗaya suke, bai haɗa ta da ƙasa ko da wata wayar ba. Ranar da fukafukinsa ya taɓa waya ta biyu, ya rufe zoben da jikinsa.

Su kansu ilektiron ɗin tafiyar hawainiya suke yi, ba sa cin ko milimita ɗaya a sakan a wayar gida. Turin ne ke gudu kusa da saurin haske. A wutar da ke zuwa soket ma ba gaba suke yi ba sam, kai-komo suke yi a wuri ɗaya, sau 50 a sakan a Afirka da Turai da yawancin Asiya, sau 60 a Amurka da Kanada. Wannan adadi shi ake kira hez, kuma a riƙe shi, don za mu dawo kansa. Batir da faifan sola kuwa wuta mai miƙewa suke bayarwa, wadda ke tafiya ɓangare ɗaya.

Bolt, amfiya da wat

Bolt shi ne ƙarfin turin. Amfiya ita ce yawan wutar da ke wucewa ta waya a kowane sakan. Turjiyar da waya ko na'ura ke yi wa wutar kuma da om ake auna ta, kuma tun 1827 Bajamushen nan Georg Ohm ya nuna yadda ukun suke ɗaure da juna: ƙara turi, wuta ta ƙaru, ƙara turjiya, ta ragu. Idan aka ninka bolt da amfiya sai a sami wat, wato yawan aikin da na'ura ke yi.

Yawancin duniya bolt 220 zuwa 240 ke zuwa soket, Amurka 120, Jafan 100. A wutar bolt 230, butar lantarki mai wat 2,300 amfiya 10 take ja. Fanka mai wat 60 ba ta kai sulusin amfiya ɗaya ba. Cajar waya kuwa ba a ma maganarta. Duk abin da aikinsa dumama ko sanyaya wani abu ne, shi ne mai cin wuta. Mita kuma ba bolt take ƙirgawa ba, wat da lokaci take ƙirgawa: na'ura mai wat 1,000 da ta yi awa ɗaya a kunne ta ci yunit ɗaya.

Nan ne haɗarin doguwar wayar jona kaya yake, mai ramuka huɗu ko shida. Yawancinsu amfiya 10 ko 13 aka yi su su ɗauka, duk ramukan a haɗe. A jona buta, a ƙara dutsen guga, an riga an wuce iyaka. Wanda ya taɓa ganin irin wannan ya san alamomin: wayar ta yi ɗumi ta yi laushi a hannu, bakin ramin ya yi ruwan ƙasa, ƙafar fulogi ta yi baƙi, ɗakin ya ɗau warin roba. Ba ƙarfin wutar ne ya canza ba. Amfiya ce ta yi wa siririyar waya yawa, kuma zafin waya ba daidai da amfiya yake hawa ba: in amfiya ta ninka biyu, zafi sau huɗu yake ninkawa.

Dalilin manyan turakan ƙarfe

Wannan ƙa'ida ta zafi ita ta tsara yadda ake raba wuta a duniya. A ce ana son aika megawat ɗaya, wato wat miliyan. A bolt 230 sai an tura amfiya sama da 4,000, abin da zai buƙaci waya mai kaurin gaske, kuma rabin wutar a hanya za ta ƙare tana dumama iska. A bolt 11,000 amfiya 90 da ɗoriya ta isa. A bolt 330,000 kuwa amfiya 3 ce kacal. Ɗaga bolt sau goma na rage asarar hanya sau ɗari.

Abin da ke ɗagawa da saukewa shi ne taransifoma, kuma cikinsa ba wani abin mamaki: ƙarfe ne da aka naɗe da waya gida biyu, naɗi ɗaya ya fi ɗaya yawa. Asalinsa binciken Michael Faraday ne na 1831, da ya gano cewa maganaɗisu mai canzawa na haifar da wuta a wayar da ke kusa da shi. Sharaɗin shi ne canzawar, don haka taransifoma da wuta mai kai-komo kawai yake aiki. A kan wannan Thomas Edison ya sha kaye. Tashar da ya buɗe a Niyok a 1882 wuta mai miƙewa take bayarwa a bolt 110, ba ta iya kai wa nesa da kilomita ɗaya ko biyu. George Westinghouse da Nikola Tesla suka tsaya a kan mai kai-komo. A 1891 aka aika irin wannan wuta tsawon kilomita 175 zuwa Farankfot a Jamus, a 1896 kuma wutar ruwan Niyagara ta isa birnin Buffalo, gardama ta mutu. Mai miƙewa ta dawo daga baya a layuka masu nisan gaske, kamar wanda ƙasar Sin ta gina mai bolt 1,100,000 da ya haura kilomita 3,000.

To haka tafiyar take: janareta ya samar, taransifoma ya ɗaga, manyan turaku su ɗauka, ƙaramar tasha a bakin gari ta sauke zuwa 33,000 ko 11,000, taransifoman unguwa ya sauke zuwa abin da soket ke ɗauka.

Fes uku da nutural

Daga taransifoman unguwa wayoyi huɗu ke fitowa a tsarin da yawancin ƙasashe ke bi: uku masu wuta, waɗanda ake kira fes, da ɗaya ta komawa, nutural. Tsakanin kowane fes da nutural bolt 230 ne. Tsakanin fes da fes kuwa 400 ne. Gida ɗaya yakan samu fes ɗaya da nutural, a raba gidajen titi a kan fes ukun don nauyi ya daidaita.

Da wannan ake gane abubuwa biyu da ke ba mutane haushi. Na farko wuta marar ƙarfi, wadda fitila ke yin ja, fanka na juyawa da ƙyar. Yawanci ba daga tasha ba ne. Gidaje ne suka yi wa fes ɗaya ko taransifoma ɗaya yawa, ko wayar ta yi tsawo ta yi siriri, bolt ya zube a hanya kafin ya iso. Mutane kan ɗauka wuta marar ƙarfi ba ta ɓarna, alhali ita ce ajalin firji da famfon ruwa da na'urar sanyaya ɗaki. Injin da bai sami isasshen bolt ba yakan kasa tashi, ya tsaya yana gurnani yana jan amfiya fiye da kima har naɗinsa ya ƙone.

Na biyu shi ne ranar da ake cewa wuta ta zo da ƙarfi ta ƙone kayan unguwa. Sau da yawa nutural ce ta tsinke ko ta saki a wani wuri. In haka ta faru, gidajen da ke fes daban-daban sai su koma suna raba bolt 400 a tsakaninsu, kuma ba rabon adalci ba ne. Gidan da ya kunna kaya masu nauyi ya sami kaɗan, wanda ba abin da ke kunne sai talabijin da caja ya kwashi mai yawa. Idan ka ga fitilarka ta yi haske fiye da yadda ka saba, ta maƙwabci kuma ta dusashe, kashe babban makunni shi ne abin yi, ba jira ba.

Waya ta uku a soket, wayar ƙasa, ba ta ɗaukar komai a ranar lafiya. An haɗa ta da jikin ƙarfen na'ura ne, don in wayar wuta ta goge ta taɓa jikin firji, wutar ta sami hanya mai sauƙi ta bi, bireka ya faɗi, maimakon ta jira hannun mai buɗe ƙofa.

Fis da bireka ba abokan gaba ba ne

Fis siririyar waya ce da aka yi ta musamman don ta riga kowace waya narkewa. Bireka aikinsu ɗaya, sai dai shi faɗuwa yake yi a ɗaga shi. Suna yankewa in kaya sun yi yawa, ko in wayar wuta ta taɓa nutural kai tsaye, inda ɗaruruwan amfiya ke kwarara cikin ƙiftawar ido. Abin da ke tayar mini da hankali shi ne yadda ake ɗaukar wannan a matsayin fitina, a cire fis a ɗaura waya mai kauri, ko a canza bireka mai amfiya 16 da mai 32 don ya daina faɗuwa. Wanda ya yi haka bai magance komai ba. Ya mayar da wurin narkewa ne daga akwatin da aka tanada zuwa cikin bango ko saman silin, inda ba mai gani sai hayaƙi ya fito.

Sai dai a sani, fis da bireka na yau da kullum waya suke karewa, ba mutum ba. Ana yawan gardama kan bolt ne ke kisa ko amfiya. Amfiyar da ta ratsa jiki ce ke kisa, amma bolt ne ke tura ta. Batirin mota zai iya ba da ɗaruruwan amfiya, amma bolt 12 ba ya iya ratsa busasshiyar fata. Bolt 230 yana iyawa, musamman in hannu a jiƙe yake ko ƙafa ba takalmi. Abin da ake buƙata kuma ƙanƙani ne: kashi ɗaya cikin ɗari na amfiya na iya ƙanƙame tsoka har mutum ya kasa sakin waya, kashi biyar zuwa goma na iya rikita bugun zuciya. Bireka mai amfiya 16 ko gezau ba zai yi ba. Don haka aka ƙera wani nau'in daban, mai auna abin da ya fita ta fes da abin da ya dawo ta nutural. In ya ga giɓin miliamfiya 30, wato kashi uku cikin ɗari na amfiya, ya san wuta na zurara ta wata hanya, wataƙila ta jikin mutum, sai ya yanke kafin sakan ya cika. Ana gane shi da ɗan maɓallin gwaji a fuskarsa. A ganina gidan da ba shi da wannan bai gama haɗa wuta ba.

Abin da hez ke faɗa

Mu koma babban layi. Janaretocin ƙasa, na madatsar ruwa da na gas da na kwal da na nukiliya, duk a haɗe suke, suna juyawa da taku ɗaya. A tsarin hez 50, janareta mai aiki da tururi yakan yi juyi 3,000 a minti. Da yake ba a ajiye wuta a waya, dole abin da ake samarwa ya yi daidai da abin da ake sha a kowane sakan. In masu riƙe igiya sun ƙara damƙa, masu ja ba su ƙara ƙarfi ba, igiya za ta rage gudu. Haka janaretocin ke yi, hez ya sauko ƙasa da 50. In kuma masu riƙo suka saki kwatsam, gudun ya wuce kima.

Tazarar da aka yarda da ita 'yar kaɗan ce. A Turai, in hez ya sauka zuwa 49 na'urori kan fara yanke wasu yankuna da kansu don a rage nauyi. In ya kai wajen 47.5 tashoshi kan cire kansu, domin injin da ya ci gaba da juyi a wannan hali zai lalace, gyaransa kuma aikin watanni ne. To amma duk tashar da ta fita ta bar wa sauran nauyinta, su ma su fita. Layukan ma haka: ɗaya ya yanke, wutarsa ta koma kan na kusa, shi ma ya yi zafi ya yanke. Durƙushewar babban layi ke nan. Kowace na'ura ta yi aikinta daidai, ta kare abin da aka sa ta karewa, jimillar kuma ta zama duhu.

Ranar 14 ga Agusta, 2003, wayoyi a jihar Ohayo suka yi zafi suka saki suka taɓa bishiyoyi, na'urar gargaɗi a ɗakin kula kuma ta sami matsala, mutum wajen miliyan 50 a Amurka da Kanada suka rasa wuta. A Indiya, ranar 31 ga Yuli, 2012, abin ya shafi sama da miliyan 600. A jihar Tekzas ta Amurka kuwa, inda tsarin hez 60 ne, cikin sanyin Fabrairun 2021, hez ya sauka ƙasa da 59.4 na sama da minti huɗu, masu kula suka yanke wa miliyoyin gidaje wuta da hannunsu. Mutane sun wahala, an yi asarar rayuka, amma da sun ƙara jinkirin mintuna kaɗan da layin ya durƙushe gaba ɗaya.

To laifin sola ne?

A Sifen, gwamnati ta ce megawat 15,000 suka ɓace cikin sakan biyar, kusan kashi 60 cikin ɗari na abin da ƙasar ke sha a lokacin. Rahoton da ta fitar a watan Yuni ya kore batun kutse, ya ce bolt ne ya hau fiye da kima, tashoshi suka yi ta cire kansu, kowace ta fita kuma bolt ya ƙara hawa.

Masu zargin sola suna da hujja. Babban janareta ƙarfe ne mai nauyin tan da yawa yana juyi, ba ya tsayawa farat ɗaya, kuma wannan nauyi kan ba masu kula 'yan sakanni su yi wani abu. Faifan sola ba abin da ke juyawa a cikinsa, ta inbata yake shiga layi, wato na'urar da ke mayar da wuta mai miƙewa mai kai-komo, yawancin inbata kuma bin takun da suka tarar suke yi. Ɗaya ɓangaren na cewa matsalar ranar ta daidaita bolt ce: ba a kunna isassun tashoshin da ke wannan aiki ba, waɗanda aka kunna ba su yi yadda ake tsammani ba, dokokin lokacin kuma ba su ba tashoshin sola damar taimakawa yadda za su iya ba. Suna nuni da manyan batura, irin wanda aka kafa a Kudancin Ostareliya a 2017, da ke amsa canjin hez cikin ƙasa da sakan. Ni dai na fi karkata ga cewa layin da aka tsara don injuna masu juyi ba zai karɓi sabon nau'in wuta ba sai an sake masa ƙa'idoji da kayan aiki, kuma wannan kuɗi ne da a ƙarshe mai biyan kuɗin wuta zai ji a jikinsa.

Me ya sa dawowa ke ɗaukar lokaci

Yawancin tashoshi na buƙatar wuta kafin su ba da wuta, don famfunansu da na'urorinsu. Kaɗan ne ke iya tashi da kansu, galibi na madatsar ruwa. Da su ake farawa, ko a jawo daga maƙwabta, kamar yadda Sifen ta jawo daga Faransa da Maroko. Sai a kunna tasha, a ƙara mata yanki daidai ƙarfinta, a jira hez ya natsu, a ƙara wata. Gaggawa na iya mayar da komai farko. Sai washegari da safe wuta ta gama komawa kusan ko'ina a Sifen.

Mutumin gida na da hannu a nan. Injin firji ko na famfo yakan ja ninkin amfiyarsa sau da yawa a sakan ɗin tashi, in kuma dubban gidaje suka bar komai a kunne, nauyin da layi zai tarar ya fi wanda ya bari. Kashe manyan kaya idan wuta ta ɗauke, da ba ta 'yan mintuna bayan ta dawo, na kare kayan da layin baki ɗaya.

Mai janareta ko inbata kuma wajibi ne ya sa makunnin da ke raba gidansa da layin waje kafin ya kunna. Taransifoma ba ruwansa da ta ina wuta ta shigo. In bolt 230 ya fita daga gida ya bi waya ya koma cikinsa, zai ɗaga shi zuwa 11,000 a ɗaya ɓangaren, a kan wayar da ma'aikaci ya hau gyara bayan an tabbatar masa an kashe ta.